Ƙidayar Damina a Bakin Ramin Kuza

Ba mu da teku a Jos.
Ramukan kuza muke da su,
waɗanda iyayenmu suka kwashe da kwano a ka,
ruwa ya zo ya cike su, ya yi shiru
kamar mai rufa wa dangi asiri.

Nan nake zuwa kowace Asabar ta damina,
kafin gajimare ya sauka daga kafaɗar Shere.
Atsen ya riga ni. Kullum yana riga na,
da madubin hangen nesa mai ido ɗaya
da littafin da yayyafi ya kumbura.
Ni shayi na kawo, da kunnuwa.
Yana ta ci idona, shekaru sun toshe kunnensa,
sai muka haɗa jari:
tsofaffi biyu, mai kallon tsuntsu guda.

"Tsaya," na ce.
Ragon maza ne cikin gamba,
yana tsiyayo kuka kamar ruwa daga gora.
Atsen ya bi yatsana.
"Ga shi. Jan fiffike. Ko tashi ba zai yi ba."
Fensir ya ce ƙarr. Ɗaya.

Kirinjijiya sun wuce da fito,
na ce tara, ya ce sha ɗaya,
muka yi musu har shayi ya huce.
Zalɓe, in ji shi, na can a ƙafa guda
kamar mai jiran fansho a bakin ofis,
bai gaji ba, bai kuma samu ba.
A kan reshen da ya sunkuya wa ruwa
marai na saƙa ɗaki na uku.
Na biyun amarya ta duba, ta warware,
ciyawar na yawo a kan ruwa.

Da rana ta leƙo muka hau dutse
ta tsakanin shingen ƙerana da gonar acca.
Rema uku na shan hantsi.
Guza ya ja cikinsa, na ji ƙarar ganye.
Wani biri ya sauko ba sallama
ya ɗauke ƙosan da na ajiye a kan hula.
Atsen ya yi dariya har da tari,
ya ce shi ma a rubuta shi, ya biya da abin kallo.

Sai ya kama hannuna, ya matse.
Ɗan jan tsuntsun nan ne na tsagin dutse,
wanda bai kai babban yatsa biyu ba,
wanda masu karatu ke ƙetaro ƙasashe dominsa.
"Da danƙo na kashe kakanninsa," in ji Atsen.
"Goma ba sa cika baki."
Bai ƙara ba. Ban tambaya ba.
Na ji fensir ya daɗe a kan takarda.

Akwai shafi guda da ba ya cika.
A samansa an rubuta gauraka.
Ina yaro, kukanta ke tashe mu
kafin ƙararrawar kamfani.
Damina bakwai ke nan ina baza kunne,
abin da ke amsa min daga gabas
guduma ce, masu fasa dutse,
da tifa tana nishi a hawa.

Muna saukowa hadari ya haɗo.
Can ƙasan kwari wani abu ya yi kira,
sau biyu, siriri, da ɗan karkarwa a ƙarshe.
Ban san shi ba. Ni, da na zaci na haddace su.
Atsen ya duba har idonsa ya yi ruwa.
Ganye kawai.

"Me zan sa?"
Na ce, sa wani.
Ya rubuta: wani, ɗaya.
Ya cusa littafin cikin riga,
ɗigon farko ya faɗo min a goshi.